Duba Jirage Da Injuna: Ina Ƙofar Shiga Ga Samarin Furfuri?

Ran Asabar 14 ga watan Satumba na 2024, da safe, wani jirgin katako ya kife a gulbi kusa da garin Gummi, yana cike da manoma masu ƙetarewa zuwa gonakinsu. Fiye da mutum 40 suka halaka, Allah ya jiƙansu. Aka yi jana'iza, manyan ƙasa suka aiko da ta'aziyya, aka yi alkawura. Shekara ba ta cika ba, ran Lahadi 17 ga Agusta na 2025, wani jirgin ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyar cin kasuwar Goronyo cikin Jihar Sakkwato. Kafin waɗannan an ga na Warra ta ƙasar Ngaski, cikin Jihar Kabi, a watan Mayu na 2021, inda jirgi ya tsage a tsakiyar Kogin Kwara da mutum fiye da 150 a cikinsa. An kuma ga na Bagwai ta Jihar Kano a ƙarshen Nuwamba na wannan shekarar, inda mutum 29 suka nutse a madatsar ruwa ta Watari, galibinsu yara 'yan Islamiyya masu tafiya Mauludi.

Kusan ko wane karo bayanin hukuma iri ɗaya ne, watau jirgi ya tsufa, lodi ya yi yawa, ba rigar ceto. Waɗannan kuwa ba gaibu ba ne. Duk mai ido da ya tsaya a bakin gulbi kafin jirgi ya tashi zai gan su. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, wane ne aka ɗora wa wannan tsayawa, kuma a hannun wa ya koyi aikin?

A lokaci guda, a Furfuri ta ƙasar Bungudu, da Tsafe, da unguwannin Gusau, akwai samari masu takardar difloma ta aikin injiniya suna zaune, waɗansu suna acaba, waɗansu suna tsaron shagon 'yan'uwa. Iyayensu sun sayar da amfanin gona sun biya makaranta. Galibi a kan ɗauki maganar haɗarin jirage dabam, maganar zaman banza na samari dabam, alhali kuwa bakin zarensu ɗaya ne. Akwai aikin da ke neman masu yi, akwai masu neman aikin yi, amma matakin farko na tsanin, wanda yaro zai taka ya fara koyo, shi ne ba a kafa ba.

Aikin duba jirgi ba baƙo ba ne ga Musulmi. Ibn Abdun, mutumin Ishbiliya ta ƙasar Andalus, wanda ya rayu wajen farkon ƙarni na 12 na Miladiyya, ya wallafa littafi a kan hisba, a ciki ya yi umurni a sa ido ga 'yan fito na kogin birnin kada su cika jirage fiye da kima. Almajirin da ya sauke Risala kuma ya san hukuncin mai jirgi a mazhabar Maliku: ba ya cin kuɗin haya sai ya isar, kuma ba a ɗora masa lamunin abin da ruwa ya ci. Masu sharhi sun ƙayyade wannan da sharaɗin bai yi sakaci ba, bai kuwa ƙetare iyaka ba. To, wa zai gaya wa alƙali an yi sakaci ko ba a yi ba? Sai masanin sana'ar, wanda ya san iyakar abin da katako ke ɗauka. Wanda a ke kira sufeton jirgi a yau, shi ne wannan masani.

Turawa sun zo ga wannan aiki ta ƙofar kuɗi. A birnin Landan, attajiran da ke taruwa a shagon gahawa na Lloyd suna ɗaukar inshorar jirage sun gaji da biyan diyyar ruɓaɓɓun jirage, sai a 1760 suka kafa ƙungiya mai rajistar jirage. Suka ɗauki tsofaffin matuƙa da kafintoci suna shiga ko wane jirgi suna ba shi daraja gwargwadon lafiyar jikinsa da kayan aikinsa. Daga baya irin waɗannan ƙungiyoyi suka yawaita, kamar Bureau Veritas da aka kafa a 1828, da ta Amurka a 1862, da ta Norwe a 1864. Amma labarin da ya fi dacewa da bakin gulbin Zamfara shi ne na wani ɗan majalisar Ingila mai suna Samuel Plimsoll. Ya ga masu jirage suna danƙara kaya a tsofaffin jirage, in sun nutse su karɓi kuɗin inshora, matan matuƙa su shiga takaba. Ya yi ta fama har aka yi doka a 1876 cewa ko wane jirgi a zana masa layi a jikinsa, wanda in ruwa ya rufe shi an san lodi ya wuce ƙa'ida. Sai dai dokar ta bar wa mai jirgi ya zana layin inda ya ga dama. Kowa ya san abin da zai biyo baya. Sai a 1890 aka mai da ikon tsai da wurin layin hannun hukuma, sa'an nan ya fara amfani. Bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912 kuma ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar tsare rayuka a teku a 1914, wadda aka yi ta sabuntawa har zuwa ta 1974 da a ke aiki da ita tare da gyare-gyarenta.

A kan teku masu duban nan kashi uku ne. Akwai na ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta, a Nijeriya hukumar NIMASA ke nan, wadda aka haɗa a 2006. Akwai masu duba baƙin jirage in sun shigo tasha, bisa yarjejeniyar da ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suka sa wa hannu a Abuja a 1999, kuma suna da ikon tsare jirgi har sai an gyara shi. Sa'an nan akwai na ƙungiyoyin rajistar nan da aka ambata. Aikin kansa ba na zaman ofis ba ne. Sufeto yana shiga cikin tankunan jirgi da tocila da guduma, yana neman tsatsa da tsagewar walda, yana auna kaurin ƙarfe da na'ura. Yana sa a ta da famfon kashe gobara a gabansa, a sauke kwalekwalen ceto ya ga ko igiyarsa na tafiya. Duk abin da ya sa wa hannu, in ya ɓaci, sunansa ne a kai.

Yaron Furfuri da ke sha'awar wannan, ga yadda hanyar ta ke. Sai ya ci lissafi da Turanci da darussan kimiyya a sakandare, ya sami shiga Kwalejin Koyon Aikin Jiragen Ruwa da ke Oron cikin Jihar Akwa Ibom, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga Gusau, ko jami'ar aikin ruwa ta Okerenkoko cikin Jihar Delta wadda ta fara karatu a 2018. Ya yi karatun tuƙi ko na injin jirgi. Bayan wannan, bisa yarjejeniyar horar da ma'aikatan jirage ta duniya ta 1978, ɗalibin tuƙi tilas ya yi wata 12 a kan teku yana koyo a ƙarƙashin hafsoshin jirgi kafin a bar shi ya zauna jarrabawar takardar ƙwarewa, ɗalibin inji ma yana da nasa wa'adin. In ya ci, ya yi shekaru yana aiki yana hawa daraja, kana a yi maganar zama sufeto.

A watannin nan na kan teku ne ƙofa ta ƙuntata. Da can Nijeriya tana da kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, wanda aka kafa a 1959, kuma a jiragensa ɗalibai ke samun gurbin koyo. An rushe kamfanin a 1995. Tun daga nan ɗaliban Oron suka shiga neman alfarma a jiragen baƙi, mai jirgi kuwa ba ya son ciyar da wanda bai iya aiki ba tukuna. A 2008 NIMASA ta fito da shirin tura samari ƙasashen waje, irin su Indiya da Masar da Filifin, aka tura fiye da 2,000, amma da yawa daga cikinsu sun komo da karatu suka yi shekaru suna jiran gurbin jirgi. Saboda haka uban da wani ya zo masa da maganar ya kawo kuɗi a sama wa ɗansa aikin jirgin ruwa a Ikko, ya yi hattara, kada ya jinginar da gona. Hanya ce ta gaskiya, tana kuwa da albashi mai kauri ga wanda ya kai ƙarshenta, amma ɗai-ɗai ne ke kaiwa, kuma ba dillali ke buɗe ta ba.

Akwai wata ƙofar ta gefe. Ƙungiyoyin rajistar jirage, waɗanda waɗansunsu ke da ofis a Ikko da Fatakwal, su kan ɗauki sabon injiniya su haɗa shi da babban sufeto, ya riƙa binsa yana riƙe masa kaya, yana rubuta abin da ya gani, ana duba rubutun, har a yarda ya fita shi kaɗai ga ƙananan ayyuka. Guraben kaɗan ne, masu nema dubbai. Abin lura a ciki shi ne yadda a ke koyarwar. Tamkar yadda ɗan maƙera ke fara da zuga-zugi ne, ko almajiri ke zama gaban malami yana biya ana gyara masa. Ba wanda ya taɓa zama sufeto daga allo kaɗai, gama idon da ke gane ruɓaɓɓen katako a ƙarƙashin sabon fenti sai an goge shi a gefen wanda ya riga ya gani.

To, ga teku can nesa, ga gulabe a ƙofar gida. Gulbin Sakkwato ya ratsa ta Gusau ya bi ta ƙasar Bungudu ya faɗa tafkin Bakolori, wanda aka gama datse shi a 1978. Gulbin Zamfara ya bi ta Gummi, Gagare ya bi ta Ƙaura Namoda. Da rani yaro ya kan taka waɗansunsu da ƙafa, da damina kuwa su cika su batse, gona tana wancan ƙetare, gida yana wannan. Hukumar da doka ta ba kulawa da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ita ce NIWA, wadda aka kafa a 1997, hedkwatarta tana Lakwaja, tana kuma da ofis a Yawuri. A watan Janairu na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar da ke tsakanin hukumar da Jihar Legas, cewa ikon hanyoyin ruwa yana hannun Gwamnatin Tarayya. Ma'anar wannan ga Zamfara ita ce jiha ba za ta yi gaban kanta ba, sai ta haɗa kai da NIWA. Amma ma'aikacin da ke zaune a Yawuri, ga tafkin Kainji a gabansa da ɗaruruwan jirage, ba zai tsaya a ko wane mashigi na Gummi da Bakura da Maradun ko wace safiya ba. Ko yana so, ba shi da ƙafafun.

Abin da duban jirgin katako ke bukata bai fi ƙarfin mai difloma ba, in an nuna masa. Ana jawo jirgi tudu a kife shi. A bi katakon ƙasa da na gefe da tsinin wuƙa, inda ya shige da sauƙi ya ruɓe. A duba haɗin katako da abin da aka toshe shi da shi, a duba ƙusoshi ko tsatsa ta cinye kawunansu, a duba katakon baya inda a ke rataya inji, domin nan ne girgiza ke fara sassautawa. Sa'an nan a mai da shi ruwa mara zurfi a ranar da ba iska, a riƙa ɗora masa buhunan yashi da aka san nauyinsu. Masu lissafin jirage sun saba ɗaukar mutum guda a kan kilo 75. In bakin jirgi ya sauko har saura gwargwadon da ba a son a wuce, sai a tsaya, a matsar da waɗansu buhunan gefe guda a ga yadda zai karkata, gama mutane ba buhuna ba ne, in sun firgita gefe ɗaya su ke rugawa. Kana a ja layi da fenti a jikin jirgi, a rubuta adadin mutane a goshinsa da lambobin boko da na ajami, yadda tsohuwa mai zuwa kasuwa za ta gani da idonta. Buhun hatsi mai kilo 100 ya fi mutum guda nauyi. Babur ma haka, ga shi a tsaye ya ke, nauyinsa yana sama, wannan kuwa shi ke sa jirgi saurin juyewa. Abin da a ke bukata duka bai wuce ma'auni da fenti da littafin rubutu ba, da mutumin da ba ya tsoron cewa a sauka.

Amma kada a ɗauka layin fenti zai warware kome. Bayan haɗarin Gummi wani basarake na wurin ya shaida wa manema labarai cewa manoma fiye da 900 ke ƙetare gulbin kullum, jirage kuwa biyu ne tak. A yi lissafi. A ce ko wane jirgi yana ɗaukar mutum 25 lafiya, watau 50 ke nan a sawu guda. Kafin a kwashe 900 sai an yi sawu 18. In ko wane zuwa da komowa ya ci minti 20, awa shida ke nan, wanda ya zo da asuba zai taka gonarsa da azahar, ga kuma komowa da yamma. Manomin da ya kutsa cikin jirgin da ya cika ba wawa ba ne, lissafin nan ya yi a ransa. Sufeton da aka tsayar a irin wannan mashigi ya hana lodi, ba a ƙaro jirgi ba, kwana uku ba zai yi ba za a kore shi da jifa. Saboda haka rabin aikinsa ƙidaya ne: mutum nawa ke ƙetarewa, a wace sa'a, jirgi nawa ke akwai, nawa ya kamata a ƙara. In wannan ya shiga takarda da sa hannu da kwanan wata, ya isa gaban shugaban ƙaramar hukuma kafin damina, to ranar da abu ya faru ba mai cewa bai sani ba. Wataƙila ma wannan ne dalilin da ya sa ba a cika ɗokin samar da irin wannan takarda ba.

A 2025 Ma'aikatar Harkokin Teku ta Tarayya, wadda aka ƙirƙira a 2023, ta fara rabon rigunan ceto 42,000 ga jihohi masu gulabe. Abu ne mai kyau. Sai dai rigar da ba mai ƙirga ta da yamma, ba mai duba igiyarta ko ta tsinke, ba ta shekara a bakin gulbi. Wata ta zama matashin kai, wata ta tafi kasuwa.

Maganar injuna ta fi ta jirage kusa da Furfuri, gama ita ba ta jiran damina. Gusau gari ne da ya tashi da inji. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta bi ta cikinsa ta kai Ƙaura Namoda a 1929 aka san shi da gurzar auduga da cinikin gyaɗa, daga baya aka kafa masaƙar Zamfara a shekarun 1960, wadda ta daɗe da rufewa. Dokar masana'antu ta 1987 ta tanadi sufetoci a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ta ce tukunyar tururi a duba ta aƙalla sau ɗaya cikin wata 14, sarƙoƙi da igiyoyin ɗaga kaya sau ɗaya cikin wata shida, ko wane sashe na inji mai juyawa kuma a yi masa kariya. An rubuta dokar ne da manyan masana'antu a zuci. Yau kuwa injunan da ke taɓa rayuwar talaka ƙanana ne, sun bazu ko'ina: injin niƙa a ko wace unguwa, injin casar shinkafa, na matsar gyaɗa, na ban ruwa a fadama, shagon ɗura gas a tsakiyar gidaje, mai walda da tukunyarsa a bakin titi. Bel ɗin injin niƙa da ba murfi ya kan fizgi mayafin yarinya ko hannun rigar yaro, a ce tsautsayi ne, a yi wa iyaye jaje. Murfin da zai hana wannan, maƙerin gari zai ƙera shi da gutsuren kwano cikin yini guda.

Zamfara ta riga ta biya farashi mai tsada a kan injin da ba mai dubawa. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, har aka rasa fiye da 400. Dalili shi ne duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma, waɗanda a ke niƙawa a busashe da injin irin na niƙa hatsi, a cikin gari, wani lokaci a tsakar gida, ƙura ta sauka a ƙasa inda yara ke rarrafe. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo, aka kankare ƙasar gidaje, aikin Bagega ma bai samu ba sai a 2013. Inji ɗin lafiyarsa lau, yana juyawa yadda aka ƙera shi. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tsaya a kansa ya tambayi me a ke zuba masa, ina kuma ƙurar ke zuwa.

A nan ne maganar horon sanin makamar aiki ta shigo. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 da hedkwata a Jos, ya fito da shirin SIWES a 1973, domin ɗalibin fasaha ya fita daga aji ya taɓa aiki da hannunsa: wata huɗu ga ɗalibin ƙaramar difloma, wata shida ga na jami'a. Wanda ya gama ƙaramar difloma kuma ana so ya yi shekara guda a wurin aiki kafin ya koma babba. Niyya ce mai kyau, amma an yi ta ne lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana a Kaduna da Kano da Gusau. Yanzu ɗalibi shi ke yawo da wasiƙa yana neman mai karɓarsa. Wanda ya karanta aikin inji ya kan ƙare a wani ofis yana sayo wa manya abinci, ran Juma'a a sa masa hannu a littafi. Alawus ɗin kuwa ya yi shekaru da yawa a kan naira 2,500 a wata, abin da ba ya kai mutum daga Furfuri zuwa Gusau ya komo na mako guda. Ko wace shekara Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, da ta jiha da ke Talatar Mafara mai sunan injiniya Abdu Gusau, suna sakin ɗalibai zuwa irin wannan horo. Ta Talatar Mafara ma tafkin Bakolori yana kusa da ita.

Abin da hankali ke nunawa shi ne a ɗinke waɗannan biyu. Gwamnatin jiha ta zauna da NIWA da Ma'aikatar Ƙwadago da shugabannin kwalejojin nan, a rubuta yarjejeniya: ko wace shekara a zaɓi waɗansu ɗalibai, a ba su makonni kaɗan na koyarwa a hannun sufeto mai lasisi, a koya musu iyo da taimakon farko, sa'an nan a raba su biyu-biyu a manyan mashigai da kasuwanni. Ɗalibi ba zai sa hannu a takardar lafiyar jirgi ko ta inji ba, wannan na mai lasisi ne, wanda zai riƙa zagayowa yana duba littattafansu. Shi nasa shi ne awo da ƙidaya da rubutu. Ya kamata kuma a ɗauki 'ya'yan yankin, domin a halin rashin tsaro da a ke ciki baƙo ba zai kwana a bakin gulbin da bai san kowa ba, kuma ɗan gari ya fi sanin wace hanya ce a ke bi, wace ce aka bari. 'Yan mata masu karatun injiniya suna da wuri a nan, gama masu kai niƙa galibi mata ne da yara, kuma mace ta fi samun shiga inda namiji zai tsaya a zaure.

Kada kuma a tsallake Sarkin Ruwa da tsofaffin 'yan fito. Su suka san inda gulbi ke juyi, da inda kututture ke kwance a ƙarƙashin ruwa, da irin iskar da in ta taso ba a shiga. Yaron da ya zo da ma'auni da takarda yana ganin ya fi su, zai koma gida da kunya. In ya zauna a gefensu, shi ya kawo lissafi su su kawo sanin ruwa, maganarsa za ta sami wanda zai tsaya mata ranar da ya ce jirgi ya cika.

Wuri mafi haɗari a cikin shirin duka shi ne aljihu. In aka ce sufeto ya ci daga abin da ya karɓa a hannun mai jirgi ko mai inji, an gama. Cikin wata guda zai zama wani shingen karɓar kuɗi, kamar waɗanda direbobi suka sani a kan hanya, takarda ta fita, jirgi bai ga wuƙa ba. An komo ga dokar 1876 ke nan, mai jirgi yana zana layinsa inda ya so, sai dai yanzu da hannun wani. Tilas alawus ɗin ɗalibi da albashin ƙaramin sufeto su fito daga baitulmali, a kan kari, duban kuma ya zama kyauta ga mai ƙaramin jirgi, aƙalla a shekarun farko. Tilas kuma a buɗe gurbin aiki na dindindin a matakin ƙasa ga waɗanda suka yi fice, domin in horo ya ƙare yaro ya koma kan babur, an yi asarar idon da aka goge. Wanda ya yi shekara biyu ko uku yana wannan, da littafin aiki mai sa hannun mai lasisi, yana da abin nunawa a gaban majalisar rajistar injiniyoyi ta COREN, wadda ke rajistar masu fasaha da masu sana'ar hannu ma, yana kuma da abin da zai ajiye a teburin ƙungiyoyin nan na Ikko da Fatakwal wanda dubban masu neman gurbi ba su da shi.

Lokaci yana da muhimmanci a nan, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Gulaben Zamfara suna janyewa bayan kaka, jirage su hau tudu su bushe, watan Maris da Afrilu ne lokacin kife su a bi katakonsu, a gyara abin da ya ruɓe kafin ruwan Yuli da Agusta. Kasafin kuɗin jiha kuwa a kan kai shi majalisa ne wajen ƙarshen shekara. In ba a sa layin alawus ɗin ɗaliban nan a cikinsa ba, wakilan Bungudu da Tsafe da Gusau da Gummi suna da damar tambayar dalili tun yana gaban kwamiti.